Gizon da Na Ɗora wa Laifi

Na fara ganinsa da sassafe a lambun Baba, shekara guda kafin a yi mana jiha. Ruwan kogi bai daɗe da janyewa daga fadama ba, ƙasa na nutsewa a ƙarƙashin ƙafa, ni kuma ina ɗauke da ƙwaryar kunu zan kai wa Baba. Tsakanin darni da fangalin tattasai na farko sai na ga saƙa mai faɗin faifai biyu, raɓa ta kwanta a kan kowane zare, a tsakiyarta kuma gizo-gizo irin wanda ban taɓa tsayawa na duba ba. Bayansa rawaya ne kamar ƙwaiduwar ƙwai, da baƙaƙen zane a gicciye kamar an ja su da tawada. Wajen kansa fari-fari kamar tsohuwar azurfa. Ya haɗa ƙafafunsa bibbiyu ya miƙe su kusurwa huɗu, irin alamar da malami ke yi wa lissafin da aka faɗi, kansa yana kallon ƙasa. Abin da ya tsayar da ni shi ne wani farin zare mai kauri da ya saƙa daga sama zuwa ƙasa a tsakiyar saƙar, yana karkata dama da hagu kamar rubutu. Na tsaya har kunun ya huce. A raina na ce wannan wasiƙa yake rubutawa, kuma na sa masa suna Mai Rubutu.

Ku 'ya'yana kun san wannan gizon. Kun san shi a matsayin abin da ya cinye hannun mahaifinku. Tun kuna ƙanana kuke jin labarin, daga bakinsa da bakin dangi, ku ma kun ba 'ya'yanku. Ina rubuta wannan babi ne don in gaya muku cewa gizon bai yi kome ba, kuma ni na fara faɗin cewa shi ne.

A lokacin ina da shekara goma sha takwas, kuma kaina cike yake da littattafan soyayya. Akwai mai hayarsu a bakin kasuwar Haɗeja, nakan karɓo biyu in ɓoye a ƙarƙashin tabarma, in karanta har bangon ya yi laushi. A cikinsu saurayi yakan zo da mota, ya yi magana mai tsawon shafi uku ba tare da ya haɗiyi yawu ba, iyaye su ƙi, budurwa ta kwanta ciwo, a ƙarshe a ɗaura aure. Na yarda da wannan kamar yadda na yarda damina za ta zo. Na yarda duk abin da aka yi don so, ƙarshensa yakan gyara shi.

Wanda Allah ya kawo mini bai zo da mota ba. Mutumin Auyo ne, ya karɓi aron fili kusa da lambun Baba yana noman rani. Zan rubuta sunansa sau ɗaya, ku yafe mini: Sale. Dogo ne, ba ya son yawan magana, kuma duk fadamar nan ba mai hannun dashe kamarsa. In ya tsuguna da damin irin tattasai, yatsunsa suna huda ƙasa, su sa, su danne, su wuce gaba, sai ka rantse ba ya duba abin da yake yi. Mutum uku sukan jera da shi ya bar su a rabin fangali. Baba ya so shi tun kafin ni in so shi. Da ya aiko da maganar aurena, Baba ya yi abin da kowane uba ke yi, ya tura ƙaninsa Auyo ya binciko asali: ko akwai sata a gidan, ko hauka, ko kuturta. Aka dawo aka ce gida ne mai tsabta. Aka sa rana bayan an gama tsinkar tattasai.

Ni dai abu ɗaya ya rage mini, wasiƙa. Na ce masa ba a yin so babu wasiƙa.

"Ni da nake ganinki kullum in kin kawo kunu," in ji shi, "me zan rubuta wanda ba zan iya faɗa ba?"

"To faɗa."

Ya sunkuya yana kallon ƙafarsa.

"Ka gani? Ko gizon can ya fi ka, shi kullum sai ya rubuta."

Na kai shi na nuna masa. Ya duba zanen bayan, ya duba farin zaren, ya ce shi dai abin da ya gani fara ce guda biyu a naɗe, kuma duk mai kama masa fara abokinsa ne. Bayan kwana uku ya miƙo mini takarda da ya yago daga littafin awon taki. Ga abin da ke ciki, har yau ina da ita: "Dije, tattasai ya fara fure. Ni ma lafiya. Naki." Na karanta ta fi sau ɗari. Na sa ta cikin wani littafi a daidai shafin da saurayin ya yi maganarsa mai shafi uku, kuma a wurina tasa ta fi.

Akwai wani tabo a hannunsa na dama, ƙasa da gwiwar hannu, faɗinsa kamar murfin kwalba babba, ya fi sauran fatar haske. Kowa ya ɗauka ƙyasfi ne, irin farin tabon da zufa ke kawowa. Wata rana da azahar na tarar yana gasa masara a bakin bukkar lambu. Baba ya tafi duba injin ban ruwa. Yana ba ni labarin wani kifi da ya kuɓuce wa ƙaninsa, yana juya masarar, sai wani garwashi ya yi tsalle ya sauka a kan tabon nan. Na ga ya sauka. Na jira ya yarfe hannu. Ya ci gaba da labarin kifin, har na ji ƙaurin fata.

"Wuta a hannunka," na ce.

Ya duba, ya kakkaɓe, ya yi dariya.

"Fatar mai lambu ce, Dije. Rana ta riga ta dafa ta."

Na yi dariya ni ma, amma na ajiye masarar ban ci ba.

A unguwarmu akwai Malama Rifkatu, mutuniyar kudancin Kaduna, Kirista, tana koyarwa a firamare. Ita ta koya mini karatun boko, kuma ko bayan na girma nakan je ɗakinta in taya ta tsefe kai. Ta sha yi mini tsiya a kan littattafaina, ta ce in na gama da masu mota in zo ta ba ni na ƙwari da tsirrai. Mahaifinta ya yi shekaru yana wanke gyambo a wani asibitin kutare a can ƙasarsu, a nan ta girma. Na san haka, shi ya sa ita na je wa. Ban ce wane ne ba. Na ce a wani littafi na karanta, wai wani mutum wuta ta faɗa masa a kan tabo bai ji ba.

Ta ajiye matajin ta juyo ta dube ni.

"A wane littafi?"

Na sunkuyar da kai.

"Dije, ban taɓa jin marubutan nan naki sun san wannan ba. Tabon ya fi jikinsa haske? Gashi ya zube a wurin? Yana zufa a wurin?"

Na fara kuka. Ta bar ni na yi, sannan ta buɗe akwatinta ta ciro auduga, ta murza ƙarshenta ya yi tsini. Ta ce a rufe wa mutum ido, a taɓa lafiyayyar fata, ya nuna inda aka taɓa, sannan a taɓa tabon. In bai ji ba, a kai shi asibiti a makon nan, ba makon gobe ba. Ta ce yanzu ba zamanin da ba ne, akwai magani, ƙwayoyi ne ake haɗiya na wasu watanni, kuma kyauta ake bayarwa. In an kama shi tun yana tabo, ba wanda zai taɓa sanin ya yi. Amma in ya shiga jijiya ya kai yatsu, magani zai kashe ciwon, yatsun kuwa ba za su dawo ba.

"Kuturta ce ke nan," na ce.

"Ban ce ba. Asibiti ne zai ce. Amma ke ma kin san abin da ya kawo ki ɗakina."

"Baba zai fasa auren."

"Wataƙila. Wataƙila kuma ya ɗaga. Ni ban san Babanki kamar ke ba."

Ni kuwa na san shi. Mutumin kirki ne, amma ya taɓa hana mu sayen ƙosai a wani gida don an ce kakan mai gidan yatsunsa ba su cika ba. Na roƙe ta kada ta faɗa wa kowa. Na ce ni zan gaya masa da kaina, a hankali, ta ba ni lokaci. Ta ce maganar ba tata ba ce da za ta yi yawo da ita, kuma baƙuwa irinta in ta buɗe baki ta kira ango kuturu, ba a asibiti zancen zai ƙare ba. Ta ce ta bar mini, amma in yi sauri.

Saura wata ɗaya da rabi biki, tabon ya tashi. Ya kumbura, ya yi ja, gefensa ya yi tudu, ga kuma ƙunar garwashin da ta ƙi warkewa a tsakiya. Ranar da muke tsinkar tattasai ta farko, ni da ƙannena mata muna cika buhuna, mahaifinku ya naɗe hannun riga zai ɗaga buhu, sai Baba ya riƙe masa hannu. Ya juya shi zuwa haske. Ya daɗe yana dubawa. Na ga fuskarsa ta canza, irin yadda take yi in ya tarar da tsutsa a cikin tumatir mai kyau.

"Yaro, wannan tun yaushe?"

"Ƙyasfi ne, Baba. Kwanan nan ne ya yi haka."

"Yana maka zafi?"

Kafin ya amsa na ji muryata. Ban shirya ba, ban kwana da shi ba, maganar ta fito ne kamar an daɗe da rubuta ta.

"Tautau ne, Baba. Ni na gan shi."

Duk suka juyo. Kun san abin da mutanenmu ke cewa, in gizo-gizo mai dafi ya bi ta jikin mutum ko ya yi masa fitsari, fata takan tashi ta yi ja, shi ake kira tautau. Na ce shekaranjiya ya rataye rigarsa a kan darni zai yi alwala, na ga gizon ya sauko ya shiga hannun rigar, na so in yi magana sai aka kira ni. Na ce babba ne, bayansa rawaya da baƙin zane, kansa fari, ƙafafunsa bibbiyu. Na faɗi kamanninsa dalla-dalla, domin wata uku ina kallonsa kowace safiya, ba wanda ya san shi kamar ni. Abin da ya sa aka yarda ke nan. Mai ƙarya ba ya kawo kamanni haka.

"Nuna mini," in ji Baba.

Na wuce gaba suka biyo ni. Yana nan inda yake kullum, kansa ƙasa, sabon rubutunsa fari tas. Baba ya sunkuya ya duba rawayan da baƙin, ya ce lalle wannan kalar ba ta banza ba ce, Allah ba ya yi wa abu irin wannan ado sai yana gargaɗi. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Yanzu na gane shi ma so yake a ba shi wani abin da zai kama. Ya sa kara biyu ya matse gizon, ya naɗe saƙar duka a jikin karan, aka kai wa wani tsoho mai magani a bakin gada. Tsohon ya ƙone shi da saƙarsa, ya kwaɓa tokar da man shanu, ya ce a shafa safe da yamma.

Da za mu tashi mahaifinku ya tsaya kusa da ni, yana ɗaure bakin buhu.

"Ashe abokin naki ne ya yi min haka," ya ce. "Kishi yake don na fi shi iya wasiƙa."

Bai taɓa tambayata ko na tabbata ba. A wurinsa ni ba na ƙarya.

Labari ya zaga unguwa, har mata suna yaba idona. Kwana biyu bayan haka Malama Rifkatu ta same ni a bakin rijiya, ta jira sauran suka tafi.

"An ce kin ga gizo."

"Na gani."

"Rawaya da baƙi, mai farin ɗinki a tsakiyar saƙa."

"Shi."

"Ina da hotonsa a littafin da kika ƙi karɓa. Na lambu ne, Dije. Fara yake ci da ƙuda. Ba ya barin saƙarsa ya shiga rigar kowa, in ka taɓa shi ma faɗuwa yake ƙasa ya ɓuya. Tun muna yara muke wasa da su."

"Bayan biki zan kai shi, Malama. Wallahi bayan biki. Sati shida ne kawai."

"Bayan biki me za ki ce masa? Cewa ba ki ga gizon ba?"

Ban taɓa tunanin wannan ba. A littattafaina ba a zuwa wannan shafin.

Ta gwada ta wata hanyar. Ta je lambu sayen alayyafo, ta ce wa mahaifinku ko tautau ne yana da kyau likita ya gani. Ya yi mata godiya, ya ƙara mata albasa, ya ce ai maganin tsoho ya fara aiki. Kuma ga ido haka ne. Cikin sati uku kumburin ya sauka, jan ya tafi, tabon ya koma yadda yake. Daga baya aka gaya mini haka ciwon yake yi, ya tashi ya kwanta, yana ci ta ciki. A lokacin kuwa har ni na fara cewa a raina wataƙila Malama ce ta yi kuskure. Na fara tuna rigar a kan darni kamar da gaske na gani.

Aka yi biki. Malama ta zo da kyautar kwanuka uku masu murfi. Da na buɗe na ƙarami bayan kwana biyu, na tarar da dunƙulen auduga a ciki, an murza ƙarshensa ya yi tsini. Na mayar da murfin, na sa kwanon a can ƙasan jere. Kafin shekara ta zagayo aka yi mata canji zuwa Birniwa. Ta zo sallama, na sa aka ce mata ina barci.

Ba zan ce muku ban ji daɗin auren ba. Shekara biyun farko sun fi duk abin da na karanta. Ya gina mana ɗaki a bayan gidan Baba, ya sayi nasa injin, aka haifi babbarku. Yakan dawo da yamma da ƙafa duk laka, ya ajiye mini tumatir ɗaya da ya fi kowanne kyau a kan murfin tukunya, bai ce kome ba. Sau da yawa na ɗauko kwanon nan na buɗe, na dubi audugar, na ce yau. Sai in ji sallamarsa, in ga fuskarsa, in ce gobe. Ba ciwon nake tsoron faɗa ba a lokacin, an riga an ɗaura, Baba ba zai kwance ba. Abin da na kasa shi ne in tsaya gabansa in ce na san ba ka jin wuta a wurin, na san abin da hakan ke nufi, na ɗora wa gizo don in same ka. Na fi son yadda yake kallona.

A rani na uku ne ƙaramin yatsansa da na kusa da shi suka fara lanƙwashewa. Da farko cokali ne ke faɗuwa. Sannan a wurin dashe yara suka fara kamo shi, har suka wuce shi. Wata rana ya dafa bututun hayaƙin injin yana gyara bel, bai sani ba sai da ƙaninsa ya fizge shi, tafin hannun ya tashi gaba ɗaya. Wannan ƙunar ce ta kai mu asibiti, ba ni ba.

Ma'aikacin da ya duba shi dattijo ne mai furfura. Ya wanke ƙunar, ya ga tabon, ya latsa bayan gwiwar hannun, sannan ya buɗe wata kwalba ya ciro auduga ya murza ƙarshenta. Na juya fuskata bango.

"Rufe idonka. In ka ji na taɓa, ka nuna wurin."

Ina jin ma'aikacin yana cewa, nan fa, nan fa, mahaifinku kuma yana jira a fara.

"Malam, wannan tabon ya kai shekara nawa?"

"Uku da wani abu. Tautau ne ya yi min. Ga mai ɗakina nan, ita ta ga gizon da idonta."

Dattijon ya ɗago ya dube ni. Ya rubuta a kati, ya ce da an zo tun lokacin, da wannan hannun yana nan lafiya, amma yanzu ma an gode Allah, za a tsayar da shi inda ya kai. Ya ce ba gado ba ne, ba kuma gizo ba ne, kuma da ya fara shan magani ba zai sa wa kowa ba. Aka duba ni da yarinya, ba mu da kome. Ku ma da kuka zo daga baya ba wanda ya ɗauka, ku daina ɓoye wa surukanku.

Shekara biyu yana haɗiyar ƙwayoyin. Ciwon ya mutu. Yatsu biyun suka ƙage a lanƙwashe, na ukun ya bi su rabi, babban yatsa ya rasa ƙarfi. Bai sake dashe ba, sai dai ya tsaya a kan kunyar fangali yana nuna wa 'yan ƙwadago, yana ganin suna karya masa iri. Masu sarin kaya da suka saba cin abinci kwano ɗaya da shi suka koma cewa sun ƙoshi. A masallaci wasu sukan miƙo masa gefen hannu. Ya koyi sa hannun cikin aljihu, har a hoton da kuke da shi haka yake. Baba bai taɓa tayar da maganar ba har ya bar duniya, sai dai ranar da muka dawo da katin ya dube ni ya ce, "Dije, rawaya da baƙi kika ce ko?" Na ce e. Ya ce, "To." Ya ɗauki butarsa ya fita.

Na sha tambayar kaina abin da zai faru da na yi shiru ranar tsinkar nan. Ina jin Baba zai fasa. Da mahaifinku ya koma Auyo, ya sha maganinsa wata shida, ya auri wata, ya ci gaba da barin mutum uku a rabin fangali. Da ba a haife ku ba. Shi ya sa lissafin ba ya fita mini, in na dube ku ba na iya cewa da ban yi ba. Amma hannun nasa ne, ba nawa ba, kuma ban tambaye shi ba kafin in bayar da shi.

Shi kuwa bai taɓa sakin maganar gizon ba. Yakan ce likitoci suna da sunan da suke kiransa, amma shi ya san inda abin ya fara, tunda matarsa ta gani. Mutumin da ya ce mai kama masa fara abokinsa ne, ya zama ba ya wuce saƙa a lambu sai ya sa sanda. Ya koya muku kamanninsa da bakinsa, da kalmomina: bayansa rawaya da baƙin zane, kansa fari, ƙafafu bibbiyu, farin ɗinki a tsakiya. Kukan ruga ku kira shi in kun gano ɗaya, ya zo ya kashe, ya ce Allah ya yi muku albarka. Ina tsaye ina kallo.

A ranin ƙarshe na rayuwarsa, ƙaramarku tana aji uku, ciwon ƙirji ya riga ya kama shi, ya ce in raka shi ya ga lambu. Ciyawar kacala ta cinye rabin fadamar a lokacin, fangali huɗu kawai suka rage mana. Muna tafe a hankali yana dogara sanda da hagu. A jikin darni, kusan inda na farkon yake, muka tarar da wani, babba, raɓa a kan saƙarsa, ya gama rubutunsa na safe. Mahaifinku ya tsaya. Ya ɗaga sandar da hagu, sai ya mayar da ita dama ya manta ba ta riƙewa, ta faɗi. Ya tsaya yana numfashi.

Ba kowa a wurin sai mu biyu. Na buɗe baki. Na ce, "Malam."

"Na'am."

Ya juyo yana kallona da irin kallon nan, wanda bai canza ba tun ranar masara.

"Da ba don idonki ba, Dije," ya ce, "da har yau ban san abin da ya same ni ba. Ɗauki sandar ki kashe min shi."

Na sunkuya na ɗauka. Na kashe shi.

Ya rasu da farkon damina, ranar wata Laraba, bayan la'asar. Da aka zo yi masa wanka, ƙaninsa ya ce sun yi ƙoƙarin miƙe yatsun su kwanta kamar na kowa, sun ƙi, haka aka sa shi a likkafani. Kwanon nan mai murfi yana ƙasan gadona, audugar na ciki, da wasiƙarsa ta tattasai. Ita kaɗai ya taɓa rubuta mini. In na roƙi ta biyu yakan ce sai an gama dashe.